Ciyawar teku ma tana da garkuwa, amma ba kowa take kora ba

Nafisa Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na zo Zanzibar karatu ban yi dogon rubutu a nan ba, yau dai abin ya ci tura. Da safe na bi wasu mata zuwa gonarsu ta cikin teku a Paje. Idan ruwa ya janye sai su shiga, su kafa turaku, su ja igiya tsakani, su ɗaɗɗaura guntayen ciyawar teku a jikinta. Bayan kamar mako shida su girbe, su shanya, su sayar. Su mwani suke ce mata, kuma tun 1989 ake nomanta a tsibirin, yawanci mata ne. Wata tsohuwa ta ɗago min igiya ɗaya ta ce in duba. Rassan da ya kamata in gan su jajaye masu sulɓi sun yi fari fat a tsakiya kamar ƙanƙara. Ina sa yatsa sai reshen ya karye, ruwa ya tafi da shi. Ta ce rabin igiyoyinta haka suke. Cutar ana kiranta ayis-ayis.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, bakteriyar da ake samu a wurin da ya ruɓe, irin su Vibrio, ba baƙi ba ne a ruwan. Da ma ana samun irinsu a jikin ciyawar tun tana lafiya lau. Sai ruwa ya yi zafi, ko ruwan sama ya rage masa gishiri, garkuwar ciyawar ta yi rauni, sannan su juya mata. Shi ne nake so mu tattauna yadda garkuwar ciyawar teku ke tsara waɗanda ke zaune a jikinta.

Malam Bashar (Birnin Kebbi):
Wa alaikumus salam Nafisa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma tun kafin a yi nisa ina da gyara. Shekara goma sha bakwai ina koyar da bayoloji, kuma abin da nake gaya wa yara shi ne garkuwar jiki tana nufin fararen ƙwayoyin jini da sojojin da jiki ke ƙerawa don ya gane cuta idan ta dawo. Ciyawar teku ba ta da jini, ba ta da saifa, ba ta da ɓargo. Ko saiwa ta gaskiya ba ta da ita. Ina garkuwar take? Kada mu ɗauki kalmar mutum mu liƙa wa gansakuka.

Nafisa Argungu:
Malam, daga hannunka na fara jin kalmar sel, don haka ba zan yi maka musu a kan jini ba. Gaskiya ne ba ta da shi. Amma bari in ba ka labarin abu ɗaya ka yanke hukunci da kanka.

Akwai wata doguwar ciyawa mai ruwan ƙasa a gaɓar Faransa da Ingila, sunanta Laminaria digitata. Bangon ƙwayoyin jikinta an gina shi da wani abu mai danƙo, aljinet. Bakteriyar da ke son cin ta dole ta saki sinadarin da zai narkar da bangon. Da ya fara narkewa sai ɓarɓashi ya riƙa faɗowa. Masu bincike a tashar nazarin teku ta Roscoff, cikinsu akwai Frithjof Küpper, sun nuna a 2001 cewa wannan ɓarɓashin kaɗai, ko babu bakteriya ko ɗaya, ya isa ya tayar mata da hankali. Ba ta ga ɓarawo ba, ta dai ji ƙasar katanga tana zuba. Cikin 'yan mintuna sai ta feso da haidrojin, wannan ruwan da ake zuba wa rauni a kemis ya yi kumfa. Kuma adadin da take fesowa ya isa ya rage bakteriyar da ke kwance a fatarta.

Ta gane an taɓa ta, ta aika saƙo cikin jikinta, ta mayar da martani, ta kunna wasu ƙwayoyin gado na kariya da suke kashe a da. Malam, in ba garkuwa ba, me za mu kira wannan?

Hauwa'u Jega:
Nafisa kin taɓo wurin aikina. Mu a lab kullum muna amfani da haidrojin ɗin nan wajen rarrabe bakteriya. Za ki ɗebo kaɗan daga abin da ya tsiro a faranti, ki sa a gilashi, ki ɗiga masa digo ɗaya. In ya yi kumfa nan take, to bakteriyar tana da katales, sinadarin da ke fasa haidrojin ya mayar da shi ruwa da iska. In ya yi shiru ba ta da shi. Da haka muke raba Staphylococcus da Streptococcus. Ke nan feshin da ciyawar ke yi ba kowa zai kashe daidai ba. Mai ƙarfin katales zai tsira, marar shi zai tafi.

Nafisa Argungu:
Yawwa Anti Hauwa'u, nan nake son zuwa. Rariya ce. Duk feshi ɗaya yana tace jama'ar da ke jikinta, wasu su wuce wasu su tsaya. Kuma ki lura wanda ke jawo feshin shi ne mai cin bango. Wanda ya zauna yana lasar sukarin da ciyawar ke tsattsafowa da kanta, bai fasa komai ba, ba ya tayar da ƙararrawa.

Hauwa'u Jega:
Bari in ƙara wani abu da ban taɓa haɗa shi da wannan ba sai yanzu. Farantin da muke shuka bakteriya a kai, abin da ke daskarar da shi agar ne, kuma daga jan ciyawar teku ake samo shi, Gelidium da Gracilaria. Wata mata ce, Fanny Hesse, ta ba da shawarar amfani da shi a farkon shekarun 1880, lokacin mijinta yana aiki da Robert Koch, saboda jelatin da suke amfani da shi yana narkewa da ɗumi kuma bakteriya na cinye shi. Agar kuwa yawancin bakteriyar jikin mutum ba sa iya cin sa. To amma na teku fa?

Nafisa Argungu:
Na teku wasunsu suna ci, har rami suke haƙawa a faranti ki gan shi da ido. Kuma Gracilaria ɗin tana yi wa ɓarɓashin agar irin martanin da Laminaria ke yi wa ɓarɓashin aljinet. Florian Weinberger ya yi aiki a kai. Kowace tana sauraron ƙarar nata bangon.

Malam Bashar (Birnin Kebbi):
To na ji. Wannan ya yi kama da garkuwar da ake haifar halitta da ita, wadda ba ta bukatar koyo. Ita kam na yarda tsirrai na da ita. Amma wadda ke tuna maƙiyi, wadda rigakafi ke dogara a kanta, har yanzu ina nan a kan bakana.

Umar Kamba:
Ku yi haƙuri da ni. Mu da ke Kebbi, daga nan zuwa teku tafiyar yini guda ce cur a mota, wani ma ya kwana a hanya. Shinkafarmu na fama da cuta, kifi ya ragu a gulbi, yara na fama da zazzaɓi. Wace riba za mu ci da sanin abin da ciyawar Faransa ke fesawa? Ba raini ba ne Nafisa, tambaya ce ta tsakani da Allah.

Usman Suru:
Umar, ni malamin gona ne, bari in ba ka amsa da shinkafar da ka ambata. Akwai cutar bakteriya da ke ƙona ganyen shinkafa daga baki ya yi fari ya bushe, Xanthomonas oryzae ke kawo ta. Ɗaya daga cikin sanannun ƙwayoyin gado da ke ba shinkafa kariya daga gare ta sunansa Xa21. Ka san daga ina aka samo shi? Daga shinkafar daji, Oryza longistaminata, wadda aka ɗebo a Mali. Irin wadda manomanmu ke cirewa a fadama suna tsaki. Pamela Ronald da abokan aikinta a Kalifoniya suka ware shi a 1995. Aikinsa ya gane alamar bakteriyar ya buga ƙararrawa, kuma fesa haidrojin ɗin da Nafisa ke faɗa shinkafa ma tana yin sa. Wanda ya fara duba waccan ciyawar fadamar, na tabbata akwai wanda ya tambaye shi wace riba.

Sannan ka tumɓuke wake ko gyaɗa ka dubi saiwar. Waɗannan ƙulle-ƙullen da ke jiki gidajen bakteriya ne. Shukar da kanta ta sassauta garkuwarta ta buɗe musu ƙofa saboda suna kamo mata takin naitirojin daga iska. Shi ya sa muke ce wa manomi ya bi gero da wake. Tambayar da Nafisa ke bi a teku ita ce muke bi a tudu: ta yaya shuka ke bambance baƙon alheri da na sharri.

Umar Kamba:
Na wake na sani. Na Mali ban taɓa ji ba. Ci gaba Nafisa, ina karantawa.

Nafisa Argungu:
Na gode Yaya Usman. Kuma akwai abin da harshenmu ke jawo mana. Da an ce bakteriya sai mu fassara da ƙwayoyin cuta. Mun riga mun yanke musu hukunci tun daga suna. Ni kaina sai da na zo nan na daina.

Ga misali. Akwai koriyar ciyawar teku mai faɗin ganye kamar latas, Ulva. Tun 1958 Luigi Provasoli ya lura cewa in ka raine ta a ruwan da aka kashe duk bakteriyarsa, ba ta yin ganye. Sai ta zama wani ɗan dunƙule marar siffa, ba kai ba gindi. Ka mayar mata da bakteriya sai ta miƙe ta yi kamanninta. Daga baya a Jamus, Thomas Wichard da mutanensa suka nuna cewa a nau'in Ulva mutabilis iri biyu kacal sun isa, Roseovarius da Maribacter. Ɗaya na sa ƙwayoyinta su rarrabu su yawaita, ɗayan na sa ta yi bango mai kyau da abin kama dutse. Sinadarin da na biyun ke bayarwa sunansa talusin, masu bincike a Japan suka fara ware shi a 2005. Ita kuma ciyawar tana sakin wani sinadari mai sulfa da ke janyo Roseovarius ya zo gare ta, ta ciyar da shi.

A 2005 ɗin dai wani bincike daga Kambirij ya duba nau'o'in gansakuka da danginta 326, ya samu 171 ba sa iya rayuwa sai an ba su bitamin B12. Kuma bakteriya da danginsu ne kaɗai ke iya ƙera B12. Halittar da ke cikin wannan hali, in garkuwarta ta kashe kowa, kanta ta kashe.

Baba Garba Masunci:
Salamu alaikum. Jikana ya karanta mani wanga zance, shi ka rubuta min amsa. Ni ban taɓa ganin teku ba, gulbi na sani. Amma ɗiyata abin da kinka hwaɗi ya yi kama da abin da munka gada. Tarwaɗa in ka kamo ta kana son ta kwana da rai, ba ka goge mata yauƙin jikinta. Wanda duk ya murje ta da tsumma ko ya bari ta yi ta birgima cikin rairai, in an kwana biyu sai ka ga gyambo ya hito mata. Tun muna yara anka hana mu. Ba mu san mi ke cikin yauƙin ba, mun dai san rigatta ce.

Nafisa Argungu:
Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da kuka gada daidai yake. Yauƙin kifi yana ɗauke da sinadaran kariya, kuma akwai bakteriyar da ke zaune a ciki suna tare wa miyagu wuri. Ciyawar teku ma yauƙi gare ta. In ka shafa ta za ka ji santsi irin na cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. Wannan santsin gari ne guda na bakteriya, sun gina shi sun zauna.

Alhaji Ɗanjuma Yauri:
Tunda an zo kan tarwaɗa bari in faɗi abin da ya same ni, har yau yana ci min rai. Ina da tankunan siminti huɗu a bayan gida. Bara cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce 40, ruwan ya yi kore, bangon tanki ya yi santsi. Kifi biyu uku suka mutu. Na tsorata. Na kwashe kifin na zuba a robobi, na sa yara suka kankare bangon tas da burushi da ruwan bilic har siminti ya fito fari. Na sa sabon ruwa, na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa na kwaɓa musu a abinci yadda mai shagon ya ce. Kwana huɗu lafiya. Ranar na biyar da asuba na fito na tarar da su sun taso sama suna haki, ruwan yana wari mai shiga hanci kamar fitsari. Wasu cikinsu ya kumbura, wasu jan gyambo a gefe. Da hannuna na riƙa tsamo su ina jerawa a buhu. Tanki biyu suka tafi gaba ɗaya. Ni da nake ganin tsafta na yi. Nafisa, wannan shi ne abin da kike faɗa?

Nafisa Argungu:
Innalillahi. Alhaji Allah ya mayar da alheri. Ba zan ce abu ɗaya ne ba, don kifi yana da irin garkuwar da Malam Bashar ke magana, mai jini da tunawa, ciyawa ba ta da ita. Kuma ban ga kifin ba. Amma akwai wurin da labaran suka haɗu. A cikin santsin bangon tanki akwai bakteriya irin su Nitrosomonas da Nitrobacter da ke sarrafa amoniyar da kifi ke fitarwa su mayar da ita abin da ba ya cutarwa sosai. In an kankare su, sukan ɗauki makonni kafin su dawo, amoniya kuwa ba ta jira. Warin da ka ji ya yi kama da nata. Ga ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ga wahalar kwashewa da mayarwa ta goge musu yauƙin da Baba ya ambata. Sannan Aeromonas, mai kawo jan gyambo da kumburin ciki, da ma ɗan gida ne a ruwan daɗi, jira yake kifi ya galabaita.

Hauwa'u Jega:
Alhaji don Allah in ya sake faruwa a nemi likitan dabbobi kafin a sa magani. Mu muke ganin sakamakon a faranti. Za ka jera magunguna shida ka ga bakteriya ta tsiro har jikin biyar ba ko gezau.

Alhaji Ɗanjuma Yauri:
Na ji Hajiya. Bana ko wankewa zan yi, rabin ruwa nake canzawa in bar bangon.

Nafisa Argungu:
Malam Bashar, ga wanda na ajiye maka, don shi ya fi ba ni mamaki. A gaɓar Sidni ta Ostareliya akwai jan ciyawa, Delisea pulchra. Masu nutso sun daɗe da lura cewa jikinta fes yake, alhali maƙwabtanta duk tarkace ya lulluɓe su. Peter Steinberg da Staffan Kjelleberg suka bi diddigi. Tana da wasu ƙwayoyi na musamman da ke tura wani sinadari mai buromin zuwa fatarta, sunansa furanon. A adadin da ke fatar, aikinsa ba kisa ba ne. Toshe musu kunne yake yi.

Bakteriya da yawa ba sa kai hari ɗaya-ɗaya. Sai sun tabbatar sun yi yawa. Ku tuna ranar kamun kifi ta bikin Argungu a Matan Fada, dubban masunta jere a bakin ruwa da homa da gora, ba mai shiga sai an harba bindiga. Furanon kamar ya hana su jin bindigar ne. An wallafa wannan a 1996.

Malam Bashar (Birnin Kebbi):
Misalin ya yi kyau amma yana da gyara. A Matan Fada mutum ɗaya ke ba da alama. Abin da na karanta game da bakteriya, ba su da mai harba bindiga. Kowace tana sakin ɗan sinadari kaɗan, kamar kowa yana gunaguni ƙasa-ƙasa. In suna kaɗan ruwa ya tafi da shi. In sun cika wuri gunagunin ya taru ya zama guɗa, sai kowa ya san lokaci ya yi.

Nafisa Argungu:
Naka ya fi nawa daidai Malam, na karɓa. Furanon ya yi kama da wannan sinadarin a siffa, sai ya shiga wurin da ake jin saƙon ya lalata shi. Suna nan da ransu amma kowace tana zaton ita kaɗai ce. Ba su taru sun yi kauri ba, ba su saki abin narkar da nama ba.

To ga inda ya haɗu da tsohuwar Paje. Lokacin bazararsu, in ruwa ya ɗumama, furanon ɗin Delisea yana raguwa, sai ta fara yin fari-fari a jiki. An ware wata bakteriya, Nautella italica, aka gwada. In ciyawar tana da furanon ɗinta ba ta iya shiga. In babu furanon amma ruwa na da sanyi, ba wata ɓarna. Sai an haɗa biyun, rashin furanon da ɗumin ruwa, sannan ta kutsa cikin nama. Kuma in an duba jama'ar bakteriyar da ke kan mai ciwo, duk tsarin zamansu ya birkice, ba kamar na mai lafiya ba. Shi ya sa da yawa daga masu binciken yanzu ba sa tsayawa neman mai laifi ɗaya, suna duba abin da ya rushe zaman gaba ɗaya.

Alhaji Ɗanjuma Yauri:
To wannan furanon ɗin ba za a samo mana shi mu zuba a tanki ba? Tunda ba ya kisa, ai ba zai taɓa na kirkin ba.

Nafisa Argungu:
An yi wannan tunanin Alhaji. An haɗa irinsa a lab, an gwada a ɓeraye masu ciwon huhu na Pseudomonas, an gwada a wani kifin da ake kiwo a Turai da Vibrio ke kashewa, kuma ya rage mutuwa. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ga kifin kansa ƙanƙanuwa ce. Shi ya sa bai zama maganin kasuwa ba. Ciyawar tana sakinsa ne kaɗan-kaɗan a daidai fatarta, mu kuwa zubawa za mu yi a ruwa gaba ɗaya.

Sadiya Zuru:
Anti Nafisa ni tambayata daban ce. Ana ta tallar wani garin ciyawar teku da kafso a Facebook da WhatsApp, wai yana ƙara garkuwar jiki yana wanke ciki. Ƙawata ta saya da tsada tana sha safe da yamma. Tunda kin ce ciyawar na da garkuwa, ke nan gaskiya suke faɗa?

Nafisa Argungu:
A'a ƙanwata, kada maganata ta zama musu talla. Garkuwar da nake faɗa aiki ne da ciyawa mai rai ke yi a cikin ruwa. In an busar an niƙa, aikin ya tsaya, ba ya ƙaura zuwa jikin wanda ya sha. Abin da ke saura da gaske shi ne aidin. A tokar ciyawar teku ma aka fara gano aidin, wani Bafaranshe Bernard Courtois a 1811. Laminaria tana tara shi har kusan ninki 30,000 na abin da ke ruwan teku, kuma ita ma don kariya take tarawa, tana sakinsa lokacin da take cikin matsi. Jikinmu kaɗan yake so, shi ya sa ake sa shi a gishiri don maganin maƙoƙo. In ya yi yawa, maƙogwaron da ake son gyarawa shi zai rikita. Ga shi ba ki san wace ciyawa aka niƙa ba, ko daga wane ruwa. In ƙawarki tana da ciki ko tana da matsalar maƙoƙo, ta dakata ta ga likita.

Sadiya Zuru:
Tana shayarwa ma. Yanzu zan kira ta.

Usman Suru:
Nafisa tambaya ɗaya. In garkuwar tana zaɓe, ke nan duk Ulva biyu da ka ɗauko za ka samu bakteriya iri ɗaya a jikinsu?

Nafisa Argungu:
Haka kowa ya zata, sai aka duba. A 2011 Catherine Burke da abokan aikinta suka kwatanta bakteriyar da ke kan Ulva australis daban-daban a gaɓar Sidni. Ta fuskar nau'i, kamanninsu bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Amma da aka duba ayyukan da ƙwayoyin gadonsu ke iya yi, kamannin ya kai kashi 70. Kamar ka je kasuwar Jega ka je ta Kamba. Mutanen daban, amma nan da can akwai mahauci, akwai maƙeri, akwai mai awo. Da alama ciyawar sana'a take tacewa, wanda ya riga zuwa cikin masu sana'ar shi ke kama rumfa.

Malam Bashar (Birnin Kebbi):
Wannan ya ƙarfafa maganata ai. Ba ta san kowa da suna ba. Ba ta tuna wanda ya cuce ta bara.

Nafisa Argungu:
Da suna kam ba ta sani ba Malam. Sai dai akwai abu ɗaya. A Roscoff ɗin an lura Laminaria da ta taso a teku, ko wadda aka sa a ruwan da 'yan uwanta suka zauna a ciki, tana kunna ƙwayoyin gadonta na kariya da sauri fiye da wadda ta taso ita kaɗai a lab. Kamar an riga an gaya mata ta zauna cikin shiri.

Malam Bashar (Birnin Kebbi):
Shiri daban, tunawa daban. Wanda aka ce masa akwai ɓarayi a unguwa ya kwana da sanda, ba shi ne wanda ya san fuskar ɓarawon ba. A aji zan ce tana da garkuwa ta haihuwa, zan kuma gyara abin da na daɗe ina faɗa cewa sai mai jini. Iyakar inda zan je ke nan.

Nafisa Argungu:
Ni ma ban wuce nan ba Malam.

Umar Kamba:
To matan Paje fa? Duk wannan ilimin, me ya canza wa tsohuwar da rabin igiyoyinta suka ruɓe?

Nafisa Argungu:
Ita ce tambayar da ta fi min nauyi Yaya Umar. Iri biyu suke nomawa. Kappaphycus ya fi kuɗi saboda irin karajinan ɗin da ake cirewa a jikinsa, wanda ake sawa a askirim da man goge baki, amma shi ne ba ya jure zafi. A wurare da yawa ya ƙi yi sam, sun koma Eucheuma mai araha. Tunda an gane zafin ruwa marar zurfi ne ke karya garkuwar, ba a ce su nemi maganin fesawa ba. Dakta Flower Msuya, 'yar ƙasar Tanzaniya ce, ta daɗe tana aiki da su a kan mayar da gonakin ruwa mai zurfi inda ya fi sanyi. Sai dai can sai da kwalekwale, kuma yawancin matan ba su iya iyo ba. Tsohuwar da na bi ta ce min shekara ashirin tana shiga teku bai taɓa wuce mata ƙugu ba, yanzu a ce ta hau jirgi.

Aikina ɗan ƙarami ne a ciki. Ina shafo yauƙin rassa masu lafiya da masu fari daga igiya ɗaya, mako-mako, ina auna zafin ruwan, don in ga ko jama'ar bakteriyar na fara canzawa tun kafin farin ya bayyana ga ido. In haka ne, ana iya sanin lokacin da ya kamata a girbe da wuri ko a matsar da igiya.

Baba Garba Masunci:
Ɗiyata, in iyo ne matsala, wanga kam mun iya. Ɗiyan Kabawa tun suna shekara biyar suka shiga gulbi da gora. Ki gaya masu a hwara da gora ko jarka, a ruwa na ƙirji, kullum kaɗan. Babba ma yana koyo in an bi shi sannu.

Nafisa Argungu:
Zan gaya mata Baba, har in ce daga bakin masuncin Argungu ne. Akwai masu koya musu a wasu ƙauyukan, ita ce dai take jin tsoro.

Malam Bashar (Birnin Kebbi):
Nafisa ki turo min hoton reshe mai lafiya da mai farin, kusa-kusa yadda za a ga bambanci. Ranar Talata ina da 'yan aji biyar, kuma darasin gansakuka ne. Hauwa'u, in da hali ki ara min faranti ɗaya na agar wanda ba a shuka komai a kai ba, su taɓa da hannunsu.

Hauwa'u Jega:
Zan ba direban da ke zuwa Birnin Kebbi ranar Litinin, a cikin kula da ƙanƙara. Amma in sun taɓa kada a buɗe shi bayan kwana biyu Malam, a naɗe bakin da salatif su kalla ta murfi, sannan a dawo min da shi in ƙona.

Nafisa Argungu:
Gobe ruwa zai janye wajen ƙarfe tara, zan ɗauko hotunan kafin rana ta yi ƙarfi insha Allah.